Yadda Ake Auna Ƙarfen Dogo a Gane Girmansa, Nauyinsa da Lafiyarsa

Duk wanda ya tashi a Tsafe, Gusau ko Ƙauran Namoda ya san layin dogo. Ya tsallaka shi zuwa makaranta, ya zauna a kansa da yamma ana hira. Layin nan da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa ya iso Ƙaura tun 1929, kuma a kansa aka yi shekaru ana kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa kudu. Amma tambayi mutum goma nauyin mita ɗaya na ƙarfen da suke zaune a kai, da wuya ɗaya ya ba ka amsa. A wurinsu kwangiri kwangiri ne.

Na yi shekaru a aikin gyaran layi, tun ina watsa tsakuwa da shebur har aka ba ni mutane ina riƙewa. Wannan bayani na yi shi ne domin ƙannenmu da ke son shiga aikin, musamman ɗaliban kwalejin fasaha ta Ƙaura da ke tambayata, yanzu da ake shimfiɗa sabon layin Kano zuwa Maraɗi a maƙwabtanmu. Abin da nake so ya zauna maka shi ne, ido ba ya gane dogo. Dogo biyu kan yi kama kamar an tsaga kara, amma noti da faranti na ɗaya, wato ƙarfen da ake ɗaure bakin dogo biyu da shi, ba su shiga ɗayan. Sai an karanta, an auna, an lissafa.

Kayan aiki

Burushin waya na kankare tsatsa, da tsumma. Alli. Tef na awo mai milimita, na mita 5 ya isa aikin kusa, na mita 30 don tsawo. Kalifa, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ke zamewa, wanda za ka gani wurin masu gyaran inji. Nemi wanda bakinsa ke buɗewa har milimita 200, domin na 150 ba ya cin tsayin babban dogo. Rula ta ƙarfe miƙaƙƙiya mai mita 1. Ƙaramar guduma. Ma'aunin zafi. Kwali, fensir, da littafin rubutu wanda ba za ka ara wa kowa ba.

In babu kalifa, ruloli biyu da tef suna aikin. Zan nuna yadda ake yi a gaba.

Kafin ka taɓa komai, ka sani dogo dukiyar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ce, ko jirgi na bin layin ko ya daɗe bai bi ba. Ba a kwance shi, ba a yanka shi, ba a sayensa a hannun 'yan gwangwan. Awo kansa sai da izinin mai kula da sashen. Kuma a layin da jirgi ke bi, ba a duƙawa ba tare da mutum ɗaya a tsaye yana gadi da jar tuta ba. Jirgi ba mota ba ne da za a taka birki ya tsaya nan take.

Mataki na 1: San sassan ukun

Je ƙarshen dogo ka dube shi ta baki. Sama akwai kai, mai kauri, inda ƙafar jirgi ke gudu. Tsakiya akwai wuya, siriri a tsaye. Ƙasa akwai gindi, mai faɗi, wanda ke zaune kan silifa, wato matashin ƙarfe ko katako ko kankare da aka gitta a ƙarƙashi. An tara ƙarfen a sama da ƙasa ne saboda a nan wahalar take lokacin da nauyi ya danno tsakanin silifa biyu: sama na matsewa, ƙasa na miƙewa, wuya kuwa aikinsa ya riƙe tazarar da ke tsakaninsu. Shi ya sa ƙarin tsayi kaɗan ke ƙara wa dogo ƙarfi da yawa.

Girman dogo kuma da nauyi ake kiransa, ba da tsayi ba. In aka ce dogo mai 60, ana nufin mita ɗaya tana da kilo 60 ko kusa da haka. Turawan Ingila da suka shimfiɗa tsofaffin layukanmu da laba suke lissafi, laba nawa a yadi ɗaya. Juyawar ba wuya: raba biyu. Laba 80 a yadi kusan kilo 40 ke nan a mita, laba 60 kusan kilo 30. In kana son daidai wa daida, ninka da 0.496.

A nan sababbi ke faɗawa rami. Mutum ya ji an ce "mai 60" ya ɗauka abu ɗaya ne, alhali mai laba 60 rabin mai kilo 60 ne. Kullum ka tambaya: 60 na me?

Mataki na 2: Karanta abin da aka rubuta a wuya

Kowane dogo ya fito daga masana'anta da shaidarsa a jiki. A gefe ɗaya na wuyan akwai haruffa da lambobi masu tudu, waɗanda suka fito tun ƙarfen yana ja, kuma suna maimaituwa bayan 'yan mitoci. Goge wurin da burushi sosai, sannan ka kwantar da alli ka shafa a hankali. Allin zai hau kan tudun ya bar kwarin, rubutun ya fito fes. Da sassafe ko bayan la'asar aka fi ganinsa, lokacin da hasken rana ke zuwa a karkace. Da tsakar rana sai ka yi ta ƙura ido a banza.

Za ka ga sunan masana'anta ko alamarta, da nau'in dogon, da shekara, sau da yawa har da wata. A tsohon dogon Ingila kana iya cin karo da suna irin su Dorman Long ko Workington, da lamba irin 80 A ko 60 R. Wata kuwa wasu da lambar Romawa suke sa shi, wasu da 'yan sanduna a jere: sanda uku Maris, sanda tara Satumba. Shekara a sabon dogo lambobi biyu ne na ƙarshe. A ɗaya gefen wuyan akwai wasu lambobi da aka buga suka nutse ciki, su ne lambar narkin da aka zubo ƙarfen daga ciki. Rubuta su ma, domin in dogo ya karye injiniya zai so ya bi sawun 'yan'uwansa na narki ɗaya.

Kada ka karanta dogo ɗaya ka yanke wa kilomita guda hukunci. Tsohon layi ya sha faci. A tsakanin tasha biyu kana iya samun iri uku.

Mataki na 3: Awo huɗu

Ko rubutun ya fito, auna. In tsatsa ta cinye shi, to awon ne kaɗai shaidarka. Matsa aƙalla mita ɗaya daga mahaɗa, inda bakin dogo biyu suka haɗu, saboda bakin dogo yakan daku da dukan ƙafafun jirgi, awon wurin ƙarya ne. Kankare tsatsa da busasshen laka har ka ga ƙarfe, musamman ƙarƙashin gindi. Zaɓi wuri tsakanin silifa biyu, ka ɗan yaye tsakuwa don hannunka ya shiga.

Tsayi: daga ƙasan gindi zuwa tsakiyar saman kai. In babu kalifa, manna rula ɗaya a ƙarƙashin gindi ta leƙo waje, ɗora ɗaya a saman kai, ka tabbatar ba su karkace ba, ka auna tsakaninsu da tef.

Faɗin gindi: daga baki zuwa baki. Wannan ne awon da na fi yarda da shi a tsohon dogo, domin ƙafar jirgi ba ta taɓa shi.

Faɗin kai: kada ka auna a can sama inda kafaɗun suka lanƙwasa. Sauka kamar milimita 14. Ka kuma lura da leɓe, wato ƙarfen da nauyi ya murje ya turo gefe kamar bakin tsohuwar taɓarya. In kalifa ta kama leɓen, za ta ba ka faɗin da babu shi.

Kaurin wuya: a tsakiya, inda ya fi sirantaka. Ta ƙarshen dogo aka fi samunsa, ko ta ramin noti in an kwance faranti.

Yi kowane awo a wuri uku, ka rubuta duka ukun. Sannan ka gwada da waɗannan, duk a milimita, a jere tsayi, gindi, kai, wuya. BS ma'aunin Ingila ne, lambarsa laba ce a yadi, UIC kuma na ƙungiyar jiragen ƙasa ta duniya, lambarsa kilo ce a mita:

- BS 60A: 114, 110, 57, 11. Kilo 30.6 a mita.
- BS 80A: 133, 117, 63.5, 13. Kilo 39.8.
- BS 80R: 133, 127, 63.5, 13.5. Kilo 39.7.
- BS 90A: 143, 127, 67, 14. Kilo 45.1.
- Mai 50 na ƙasar Sin: 152, 132, 70, 15.5. Kilo 51.5.
- UIC 54: 159, 140, 70, 16. Kilo 54 da ɗoriya.
- UIC 60: 172, 150, 72, 16.5. Kilo 60.2.
- Mai 60 na ƙasar Sin: 176, 150, 73, 16.5. Kilo 60.6.

Dubi 80A da 80R da kyau. Tsayi ɗaya, kai ɗaya, nauyi kusan ɗaya, amma gindi ya bambanta da milimita 10. Wata rana aka aiko mana da dogo shida na canji a wani wuri mai nisa da tasha, wanda ya loda su ya duba da ido ya ce ai duk mai 80 ne. Muka kwance tsofaffin tun da asuba, muka jawo sabon muka ɗora, gindin ya ƙi zama a gurbin silifar ƙarfe. Mutum goma sha huɗu a tsaye, rana ta fara zafi, layi a buɗe. Haka muka mayar da tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, muka ɗaure, muka koma ba mu yi aikin komai ba. Minti biyu da tef a wurin lodi da sun raba mu da wannan wahala. Haka na 60 guda biyun nan na ƙarshe: gindi ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya tsayi da milimita 4, kuma milimita 4 a mahaɗa tudu ne da ƙafar jirgi za ta riƙa duka.

Mataki na 4: In awon bai dace da kowanne ba

Yakan faru, musamman da ƙananan dogo na cikin masana'anta ko na tsofaffin ma'adinai. Akwai hanya biyu.

In akwai guntu a ɗakin ajiya, sikeli ya raba gardama. Auna tsawonsa, ɗora shi, ka lissafa. Guntu mai santimita 25 da ya ba da kilo 9.9, ninka huɗu, kilo 39.6 a mita ke nan, dangin laba 80. Ka tuna dogon da ya ci aiki ya zubar da wani abu na nauyinsa, don haka amsarka za ta ɗan gaza ta sabo.

In babu guntu, manna kwali a bakin dogon, ka bi gefensa da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali har siffar ta fito a jikin kwalin. Yanke ta, ɗora kan takardar lissafi mai gida-gida, zana, ka ƙirga gidajen santimita. Gidan da layi ya raba, haɗa biyu su zama ɗaya. Abin da ka samu ninka shi da 0.785, shi ne kilo a mita. Lambar ta fito ne daga nauyin ƙarfen kansa, wanda yake kilo 7,850 a mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Gwada da UIC 60: fuskar bakinsa gida 76.7 ce, ka ninka, 60.2 ta fito. Ƙirgar tana cin lokaci, amma na fi son sabon yaro ya yi ta ko sau ɗaya ne, saboda daga ranar ba ya sake ɗaukar lambar dogo a matsayin suna kawai.

Mataki na 5: Tsawo da nauyin lodi

Tsofaffin dogo da ƙafa aka yanka su: 30, 40 ko 60, wato mita 9.14, 12.19 da 18.29. Na ƙasar Sin mita 12.5 ko 25. Kada ka dogara da haka, domin da yawa an datse musu baki. Ja tef.

Ninka tsawo da nauyin mita. Dogo mai 80A na ƙafa 40 ya kai kilo 485, kusan buhu goma na siminti. Kilomita ɗaya ta layi mai kilo 60 tana cin tan 120 na dogo kaɗai, tunda biyu ne. Yi wannan lissafi kafin ka kira mota, kuma kafin ka ce mutum nawa za su ɗaga. Ba a ɗaga dogo da hannu tsirara, da maƙatar ƙarfe ake kama kansa mutum biyu-biyu, kuma murya ɗaya ce ke ba da umarni. Yatsun ƙafa da yawa sun tafi a wurin sauke dogo saboda ɓangare ɗaya ya saki kafin ɗaya.

Mataki na 6: Cin da ya yi da ciwon da ke jikinsa

Tunda ka san nau'insa, ka san tsayinsa yana sabo. Cire abin da ka auna daga ciki. Mai 80A da ya ba ka 125 maimakon 133 ya ci milimita 8 ta sama. A kwana kuwa, inda layi ya lanƙwasa, dogon waje ne ke cinyewa ta gefen ciki, inda bakin ƙafar jirgi da ya sauko gefen dogo ke gugarsa. Za ka ga gefen ya yi sheƙi ya kwanta, wani lokaci har da garin ƙarfe a kan tsakuwa. Aikinka ka auna ka rubuta da wurin. Hukuncin a bar shi, a juya shi ko a cire shi na injiniyan sashe ne, bisa nauyi da gudun jiragen da ke bin wurin.

Sai ka bi shi da ido da guduma. Lafiyayyen dogo in ka buga kansa yana amsawa da ƙara mai tsawo, gudumar ta yi tsalle. Mai tsaga a ciki sai ka ji dum, kamar tulun da ya fashe. Guduma ba ta kama kowace tsaga, shi ya sa ake da na'urar da ke leƙa cikin ƙarfe da sauti, amma tana kama da yawa.

Wuraren da ciwo ya fi ɓuya: ramukan noti a ƙarƙashin farantin haɗi, inda tsaga ke tasowa a karkace, kuma ba ka ganinta sai an kwance farantin, gindi a mararrabar titin mota da cikin tasha, inda ƙasa da ruwan damina suka binne shi yana ruɓewa a ɓoye, da tabon da ƙafar kan jirgi ta bari a saman kai lokacin da ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Siririn layin tsatsa a ƙarƙashin kai ko a jikin wuya, kada ka wuce shi. Zagaye shi da alli ka kai rahoto a ranar.

Wani abu game da ƙarfen kansa. Ba irin rodin gini ba ne. Sinadarin gawayi a cikinsa yakan kai kashi 0.6 zuwa 0.8 cikin 100, shi ya ba shi taurin jure guga. Taurin nan kuma shi ya sa ba ya son wuta ta gaggawa. In aka huda ramin noti da wutar gas, ko mai walda ya ɗiga masa wuta yana sanyi, wurin yakan yi tauri kamar gilashi ya tsage daga baya. Rami da injin huji ake yinsa, yanka da zarto ko faifan yanka. Haɗa dogo da dogo kuma yana da waldarsa ta musamman, wadda ake kunna garin alminiyam da na tsatsar ƙarfe a tukunya, narkakken ƙarfe ya zubo cikin mazubin da aka ɗaura a mahaɗar.

Mataki na 7: Tazarar layi

Ana aunawa daga gefen ciki na kan dogo ɗaya zuwa gefen ciki na ɗayan, milimita 14 zuwa 16 ƙasa da sama, ba tsakiya zuwa tsakiya ba. Layinmu na Ƙaura ƙaramin layi ne, ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, milimita 1,435 ne. A kwana mai tsanani akan ƙara 'yan milimita da gangan, kada ka ɗauka kuskure ne. A layin da siginarsa ke aiki da lantarkin da ke bin dogo, kada ka gitta tef na ƙarfe ya taɓa biyun, sigina za ta ɗauka jirgi ne. Yi amfani da sandar awo da aka yi don haka.

Mataki na 8: Zafi

Wannan ne matakin da ya fi damuna a ƙasarmu, kuma shi aka fi rainawa. Ƙarfe yana miƙewa da zafi ya takure da sanyi. Lissafin: tsawo a mita, sau bambancin zafi, sau 0.0115, amsar a milimita.

A Gusau, asubahin hunturu da azahar ɗin Afrilu duniya biyu ce. Kuma zafin da rediyo ke faɗa na iska ne. Dogon da ke kwance a rana yakan fi iska da digiri 15 zuwa 20. Ranar da aka ce 40, ƙarfen yana iya haura 55, ba ka iya ɗora masa tafin hannu. Don haka ka auna zafin dogon kansa: manna ma'aunin a wuya ta gefen inuwa, ka bar shi kamar minti goma.

Ɗauki dogo mai mita 12 da bambancin digiri 40. Ya miƙe da milimita 5.5. Wannan ne dalilin 'yar ƙofar da ake bari a kowace mahaɗa, mai sa jirgi ƙaran nan da kowa ya sani, kuma shi ya sa ramin noti ya ɗan fi notin faɗi. Auna ƙofofin sau biyu, da sassafe da bayan azahar, ka rubuta zafin dogo kusa da kowane awo. Awon ƙofa da babu zafi a gefensa ba shi da amfani.

In ka tarar da mahaɗa biyar ko shida a jere a rufe ruf tun da safe, akwai matsala. Ko dogon ya ja jiki gaba saboda birkin jirage, ko faranti sun yi tsatsa sun kafe. Da rana ta take, ƙarfen ba shi da wurin zuwa. Ƙarfin da ke taruwa ba na wasa ba ne: dogo mai kilo 60 da aka hana miƙewa yana turi da kusan tan 1.9 a kowane digiri ɗaya. Digiri 20 ya kusa tan 38, a dogo ɗaya. Abin da ke riƙe shi kawai maɗauran da suka kama shi a kan silifa ne, da silifar, da tsakuwar da ta danne su. Ranar da suka gaza, layi ya fita gefe ya yi lanƙwasar maciji cikin ƙiftawar ido.

Shi ya sa a bazara ba mu yaye tsakuwa ko ɗaga layi da rana tsaka. Aikin da zai sassauta layi ana fara shi bayan sallar asuba, a rufe, a cika tsakuwa a gefunan layin kafin hantsi ya yi nisa. Kafin bazara ta shigo kuma, akan bi mahaɗu a sassauta noti, a shafa baƙin mai a bayan faranti, a sake ɗaurewa, don dogon ya samu zamewa. Sababbin layuka da aka haɗe dogonsu da walda ba su da ƙofa sam, don haka ana ɗaure su ne a wani zafi da injiniya ya ƙayyade, kuma ba a yanka su ko kwance maɗaurai masu yawa ba da saninsa ba.

Mataki na 9: Rubuta

Kowane awo ya tafi da kwanan wata, lokaci, lambar kilomita, dogon dama ko na hagu in ka fuskanci inda lambobin ke ƙaruwa, abin da ka karanta a wuya, awo huɗun, ci, ƙofa da zafi. Sa ɗigon fenti a wuyan dogon daidai inda ka auna, domin bayan wata shida kai ko wani ya dawo ya ɗora kalifa a wuri ɗaya, a ga milimita nawa suka tafi.